Waƙoƙin yaƙin basasa: a saka su ranar 15 ga Janairu ko a mayar da su akwati?

Ɗan Samanja:
Assalamu alaikum 'yan zaure, barkanmu da sanyi. Wata magana ce ta tsaya mini a rai, na kasa yanke hukunci ni kaɗai. Da damina Allah ya yi wa mahaifinmu rasuwa, sai makon jiya muka iya buɗe akwatinsa na ƙarfe, wanda ya dawo da shi daga soja. Muka tarar da kakinsa, da takardar sallama, da hotuna uku, sai kaset bakwai ɗaure cikin tsumma. Na aro tsohuwar rediyo mai kaset wajen wani mai gyara a kasuwa, na saka. Duk waƙoƙin soja ne na zamanin yaƙin basasa. Wasu da ji ka san daga faifan garmaho aka kwafo su, don har ƙarar allura ana ji.

Ga abin da ya ɗaure mini kai. Baba ya shiga soja a 1967 ta Defo na Zariya, yana cikin waɗanda suka bi ta Nsukka suka shiga Inugu. Tun da na yi wayo ban taɓa jin ya saka ko ɗaya daga cikin kaset ɗin nan ba. Hasali ma duk shekara in gidan rediyo ya sako irinsu ranar tunawa da 'yan mazan jiya, tashi yake ya kashe, ya ɗauki buta ya fita. Amma ga shi ya adana su shekara da shekaru gefen takardar sallamarsa.

Na juye su a waya. Niyyata in zuba su a nan ranar 15 ga Janairu don tunawa da shi da abokansa. Yayata ta ce sam, abin da mai shi bai so ji ba da ransa, ba za a yi ta yawo da shi da sunansa ba bayan ya kwanta dama. Ku ba ni shawara don Allah.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa ya huta, ya ba ku haƙuri. Ni dai ina bayan yayarka. Ka yi masa addu'a da sadaka, shi ne abin da zai riske shi. Kaset kuma ka adana kamar yadda ya adana.

Matashin Dala:
Allah ya gafarta masa. Yaya, saka su kawai! Mu da aka haifa bayan 1990 ba mu san komai a kan yaƙin nan ba, a makaranta ma ba a koya mana ba. Iyayenku sun zubar da jininsu don ƙasar nan ta zauna ɗaya, sannan a ce waƙar da aka yi musu ma abin ɓoyewa ce? Kullum ana ta jin labarin ɗaya ɓangaren a intanet, namu shiru kamar mu ne ba mu da matattu.

Malam Mai Alli:
Ɗan Samanja, Allah ya jiƙan mahaifinka. Kafin a yanke, bari mu duba ita ranar kanta, don tana da nauyin da yawancin matasa ba su lura da shi ba. Ranar 15 ga Janairu 1966, cikin watan azumi, aka kashe Sardauna a Kaduna, aka tafi da Tafawa Ɓalewa daga gidansa a Legas aka kashe, haka Akintola a Ibadan, da manyan hafsoshi irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Shekara huɗu cif bayan nan, ranar 15 ga Janairu 1970, Philip Effiong, mataimakin jagoran Biyafara, ya tsaya gaban Janar Gowon a Barikin Dodan ya miƙa wuya da sunan Biyafara, bayan jagoran nasu, Ojukwu, ya tashi daga filin jirgin Uli zuwa Kwaddibuwa kwanaki kaɗan kafin nan. Shi ya sa aka mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya kan wannan rana, da can 11 ga Nuwamba ake yi irin na Turawan Ingila.

To ka ga rana ɗaya ta ɗauki mafarin fitina da ƙarshenta. Tsakaninsu wata talatin na yaƙi, daga harbin farko a Gakem ranar 6 ga Yuli 1967. Waƙoƙin da ke hannunka duk na tsakiyar nan ne. An yi su ne don a ɗauki kurtu, a ƙarfafa wa wanda ke bakin daga zuciya, a kuma lallashi iyaye su saki 'ya'yansu. Sojan Najeriya bai fi dubu goma ba kafin yaƙi, aka gama yana wajen dubu ɗari biyu da hamsin. Ba da bulala aka tara mutanen nan ba, Rediyon Kaduna da makaɗa sun yi aiki ƙwarai.

Tambayata ita ce: waƙar da aka yi don tura mutum gaba, ta dace da ranar da aka ce kowa ya ajiye bindiga? A ranar Gowon cewa ya yi babu wanda ya yi nasara, babu wanda aka ci da yaƙi, ya rungumi Effiong, ya yi afuwa. Ni a nan nake tsayawa in yi tunani, ban ce kada ka saka ba.

Matashin Dala:
Malam, da girmamawa, maganar babu wanda ya yi nasara ai siyasa ce. Akwai wanda ya miƙa wuya, akwai wanda aka miƙa wa. Kuma kowace ƙasa tana rera waƙoƙin yaƙinta ranar tunawa, me ya sa mu kaɗai za mu ji kunya?

Malam Mai Alli:
Ɗana, waɗancan galibi da baƙi suka yi yaƙi. Mu da wanda muka yi yaƙin, gobe da safe shi za ka je wa sayen kayan gyaran mota.

Mai Gurmi:
Ku ba ni dama in yi magana a matsayin wanda ya tashi gidan kiɗa, don na ga kamar za a ɗora wa makaɗa laifi. Kiɗan yaƙi ba a 1967 ya fara ba a ƙasar Hausa. Tambari da kakaki da kirarin mazaje sun riga bindigar Bature zuwa, kuma kakanninmu da suka je ƙasar Bama a yaƙin duniya na biyu sun tafi da waƙoƙinsu sun dawo da wasu. Da yawa daga cikin tsofaffin Bama ɗin nan ma su aka sake kira da yaƙin basasa ya tashi, su suka horar da sababbin kurata. Don haka da Shata da Ɗan Maraya Jos da sauransu suka yi wa soja waƙa, turbar da suka tarar suka bi. Marubuta ma ba a bar su baya ba, Alhaji Aƙilu Aliyu ya rubuta wa soja waƙa a lokacin.

Amma waƙar yaƙi ba abu ɗaya ba ce, kuma a nan nake so Ɗan Samanja ya kasa kunne da kyau. Akwai zuga, wato ka ce wa namiji ya tsaya kada ya juya baya. Akwai ba da labari, inda makaɗi zai lissafo garuruwa da gadoji da wahalar daji da ruwan sama, wannan Ɗan Maraya ya iya shi da ɗan kuntiginsa, kana ji kamar kana wurin. Akwai addu'a. Sannan akwai zambo, inda ake zagin abokin gaba, a kwatanta shi da dabba, a haɗa shi da danginsa gaba ɗaya. Sau da yawa a waƙa ɗaya za ka samu duka huɗun.

Wani abu kuma da mu kanmu muka sani a sana'armu: makaɗi mai riga da doki yake yi wa waƙa. Shi ya sa za ka ji sunan Gowon, da Hassan Usman Katsina, da Mamman Shuwa, da Murtala. Kurtun da ya faɗi a gefen hanyar Abagana ba shi da rigar da zai bayar, ba wanda ya ambaci sunansa. Ina zargin abin da ke sa Baba ya kashe rediyo ke nan. Yana jin sunan manya, yana tuna sunayen da ba a faɗa ba.

Ɗan Sabongari:
Salamu alaikum. Na daɗe a zauren nan ina karatu ba na magana, yau kam dole. Ni Ibo ne, a Kano aka haife ni a 1974, Hausa na fara ji kafin yaren iyayena. Ɗan Samanja, ina yi maka ta'aziyya, Allah ya ba ku haƙurin rashi.

Mahaifiyata ta bar Kano a 1966 cikin jirgin ƙasa da goyo a baya, ba ta ga ƙaninta ba tun ranar, a Sabongari aka rabu. Goyon nan, yayata ke nan, ta mutu a 1968 da ciwon yunwar nan mai kumbura ciki ya sa gashi ya yi ja. Mu ma muna da waƙoƙi, kuma ba zan yi muku ƙarya ba, akwai masu zagin Gowon da zagin Hausawa ƙarara, irin wanda in na fassara muku a nan sai an cire ni daga zaure. Rediyon Biyafara ya yi irin aikin da Malam ya ce na Kaduna ya yi. Har taken ƙasa aka yi, da karin wani kiɗan ƙasar Finlan aka ɗora shi. Yara 'yan shekara sha biyar sun bi waƙa sun tafi ba su dawo ba.

Amma ba waɗannan mahaifiyata take rerawa ba. Akwai wata mai sanyi da take yi in tana suyar ƙosai da asuba, ta roƙon Allah ya dawo da wanda ya tafi. Tana yi hawaye na zuba, mu muna cewa hayaƙi ne. Bayan yaƙi mutanenmu in sun haɗu gaisuwarsu ita ce barka da tsira, ba maganar nasara ko faɗuwa.

Sannan ga abin da nake so Matashin Dala ya ji. Da iyayena suka dawo Kano a 1971 ba su da komai, don duk wanda ya taɓa kuɗinsa na banki a Biyafara fam ashirin aka ba shi, komai yawan abin da ya ajiye. Wani dattijo Bahaushe maƙwabcinmu shi ya riƙe gidan mahaifina duk tsawon yaƙin, ya sa 'yan haya, ya tara kuɗin a gwangwani, ya kawo masa har da takardar lissafi da ajami. Ɗan dattijon nan soja ne, kuma a yaƙin ya rasu. Da kuɗin hayar nan aka sa ni makaranta. To ni in aka sako waƙar da ke cewa a gama da mu duka, ban san inda zan sa kaina ba, don ina jin ta da kunnen Bakano, ina jin ta da kunnen ɗan uwata.

Matashin Dala:
Allah ya jiƙan dattijon. Amma a faɗi gaskiya, wa ya fara? Da ba a kashe su Sardauna cikin azumi ba, da duk wannan bai faru ba. Inyamurai su suka

Mai Kula da Zaure:
Dakata nan, ƙanena. Na goge sauran. Mutum ya faɗa maka sunan ƙabilarsa, ka kira shi da shi. A yi muhawara da hujja, ba a kan kabarin kowa za mu yi faɗa ba.

Malam Mai Alli:
Matashin Dala, zafin da kake ji na gane shi, mu ma da shi muka tashi. Kisan Janairu 1966 ta'asa ne, ba wanda zai wanke shi, kuma yadda wasu suka yi murna da shi a bainar jama'a ya zuba wa wuta fetur. Amma hafsoshin soja ne suka yi shi. Matar da ke sayar da manja a Sabongari ba ta san an yi ba sai a rediyo, kuma ita da irinta dubbai aka kashe a garuruwan Arewa a watan Mayu da Satumba da Oktoba na shekarar. 'Yan Arewa mazauna Gabas su ma an kashe wasu, an koro sauran. In muka ce sai mun gano wa ya fara, za mu kwana muna ja da baya.

Tunda waƙa muke magana, ga abin da ya fi tsaya mini. A Asaba, ranar 7 ga Oktoba 1967, bayan sojan tarayya sun shiga garin, mutanen gari suka fito cikin fararen kaya suna rawa suna rera waƙar Najeriya ɗaya ce, don su nuna ba sa tare da tawaye. Aka ware maza aka buɗe musu wuta, ɗaruruwa suka mutu. Suna waƙa aka harbe su, kuma irin waƙar da mu muke cewa tamu ce. Wannan ba ya rage darajar mahaifin Ɗan Samanja ko ta dubban da suka yi aikinsu da tsoron Allah. Sai dai duk wanda zai saka waƙar nasara ya san akwai gidajen da wannan rana take tuna musu.

Kuma a gyara wani abu: sojan da ya yi yaƙin nan ba Hausawa kaɗai ba ne. Tibi da Angas da Idoma da Zuru da Bachama da Barebari da Yarbawa da mutanen Ribas duk suna ciki, Hausar bariki ce ta haɗa da yawansu. Waƙoƙin nan na su ne su ma.

Ɗan Maraɗi:
Ina gaida 'yan zaure daga Nijar. Mu ma yaƙin ya taɓa mu. Mahaifina ya ce a Maraɗi da magariba kowa Rediyon Kaduna yake kamawa, a zaure ɗaya mutum ashirin kan rediyo guda, har yara suka haddace waƙoƙin suna fareti da karan dawa. Kawuna ma waƙar ce ta ɗebe shi, ya tsallaka ta Jibiya ya ce shi Bakatsine ne, aka ɗauke shi. Ya dawo da ƙafa ɗaya. Kuma kada a manta, a Yamai aka zauna neman sulhu a watan Yuli 1968 zamanin Shugaba Diori Hamani, Ojukwu da kansa ya zo. An yi irin zaman a Kampala da Adis Ababa, duk bai ɗore ba. Da na Yamai ya yi nasara, da shekara ɗaya da rabi na yunwa ba ta faru ba. Wannan zaman ban taɓa jin an yi masa waƙa ba.

Jikar Kofur:
Salamu alaikum iyayena da yayyena. Tun ɗazu nake karanta wa kakana abin da kuke rubutawa, ya ce in rubuta nasa kamar yadda ya faɗa, kada in gyara. Yana da shekara tamanin da 'yan kai, idonsa ya yi rauni amma hankalinsa garau. Ga maganarsa:

Ki ce wa yaron nan ubansa bai ƙi waƙar ba, tsoronta yake. Ni ma haka nake. Ina kiwo a ƙauyenmu na ji ana cewa a rediyo ina mazaje, na bar shanun babana na tafi ban yi sallama ba. Horon 'yan makonni aka yi mana aka zuba mu a jirgin ƙasa. Daga Kaduna har Makurdi waƙa muke, muna buga gwangwanin abinci. Mu goma sha ɗaya ne 'yan gari ɗaya a taragon nan, mu uku muka dawo. In na ji waƙar yanzu ba Gowon nake gani ba, taragon nake gani, kowa da inda ya zauna.

A daji ma muna waƙa, amma ba irin ta rediyo ba. Ta rediyo ta manya ce. Tamu ta gajiya ce, ta ƙwarƙwata da jiƙaƙƙen takalmi da kewar tuwo. Wani Batibi cikinmu shi ke bayarwa muna amsawa, Hausarsa a karye amma muryarsa ba irinta. Nakiya ta tashi da shi.

Ranar da aka ce an gama muna wajen Umuwahiya. Wani hafsa ya zo da rediyo ya ce Effiong ya yi magana, a daina harbi. Wasu suka harba sama, aka tsawatar musu. Na ɗauka za mu yi rawa, wallahi ba wanda ya yi. Zama muka yi a ƙasa. Can sai ga mutane suna fitowa daga daji a layi, mata da tsofaffi, da yara masu kan da ya fi jiki, ciki kamar tulu, ƙafa kamar sillen kara. Ba mai kuka a cikinsu, ƙarfin kukan ma babu. Wata mata ta tsaya gabana ba ta ce komai ba, na kwance jakata na ba ta garin rogo da kifin gwangwani. Wani malamin asibiti ya ce kada a ba yaran da yawa lokaci ɗaya, cikinsu ba zai ɗauka ba. A ranar na san da wa na yi wata talatin ina yaƙi. Ban yi nadamar tsayawa don ƙasa ba, ko yau aka ce a raba ta ba zan yarda ba. Amma tun ranar bakina bai sake ɗaukar waƙar nan ba.

Da aka sallame mu ba badujala, ba kowa a tasha. Mota na hau ta kaya na sauka a bakin hanya na taka zuwa gida. Uwata ta riga ta rasu wata bakwai, ban sani ba. Kuɗin fansho kuwa na yi shekaru ina zarya ofis ofis, wannan ba sai na faɗa ba.

Ya ce iyakar abin da zai faɗa ke nan.

Baban Ummi:
Allahu akbar. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sa ya gama da duniya lafiya. Jikar Kofur, ki ɗauki muryarsa a waya tun yana da ƙarfi.

Malam Mai Alli:
A gaida mana Baba da kyau. Abin da ya faɗa ya tabbatar mini da wani zato da na daɗe ina yi: Hausa ta yi waƙar tafiya yaƙin nan da yawa, amma ban san waƙar dawowa ko ta makoki ba.

Maman Sadiya:
Malam, a nan kam ban yarda ba, ka yi haƙuri. Akwai ta, ku maza ne ba ku ji ba, don ba a zaure ake yin ta ba.

Goggona, ƙanwar babanmu, wata biyar da aurenta mijinta ya shiga soja. Wasiƙa biyu ya aiko, ta biyun daga wajen Anaca, shi ke nan. Ba gawa, ba takarda, ba wanda ya zo ya ce ya ga faɗuwarsa. Da aka gama yaƙi duk ranar da aka ce jirgin soja zai iso sai ta sa ƙaninta ya je tasha ya tsaya har taragon ƙarshe. Ba ta yi takaba ba don ba a ce ya mutu ba, ba ta yi aure ba don ba a ce ya sake ta ba. Shekaru aka yi a haka kafin manya su kai maganar gaban alƙali a raba auren.

Ina ƙarama ina kwana ɗakinta. In tana daka ko niƙa tana da waƙarta, kun san yadda mata ke yi, abin da ba za ka iya faɗa wa uwar miji ko kishiya ba sai ka sa shi cikin taɓarya. Ita ba habaici take yi ba. Kiran sa take yi, ba da sunansa ba don ba ta faɗar sunan, da laƙabin da ta sa masa. Tana tambayar jirgin ƙasa ina ya kai shi, tana tambayar kogin Kwara ko ya ga wucewarsa. Matan gidan in sun ji ta fara sai su yi shiru, wata ta karɓi taɓaryar. Kuma ba ita kaɗai ba ce, a unguwarmu kawai na san mata uku irinta.

Wa zai kai wannan gidan rediyo a 1970? Matar kulle ce, ba ta da makaɗi, ba ta da faifai. Da Ɗan Sabongari ya ba da labarin mahaifiyarsa da suyar ƙosai, sai da na ajiye wayar na yi kuka, don waƙa ɗaya suke yi da goggona, yare ne kawai ya bambanta.

Mai Gurmi:
Hajiya, kin yi gaskiya, kuma na karɓi gyara tare da Malam. Mu maroƙa abin da ya shiga faifai muke ƙirgawa. Waƙar daka da ta niƙa da ta reno ba a ɗauke su waƙa ba, ga shi kuma injin niƙa ya zo ya kashe su. In Goggo na da rai, wallahi abin da ke bakinta ya fi kaset bakwai ɗin nan wuyar samu, don irin na kaset za a iya tarar da su a wurare irin su Arewa House a Kaduna ko wajen masu tara tsofaffin faifai. Nata in ta tafi ya tafi.

Matashin Dala:
Ɗan Sabongari, Yaya, ka yafe mini kalmar da na faɗa. Ban janye maganata kan su Sardauna ba, kuma har yanzu ina ganin ya kamata mu ji waƙoƙin, don in ba mu ji ba ta yaya za mu san abin da ya sa Baba Kofur ya bar shanu ya tafi? Amma na yarda ba a sako su haka kawai kamar na biki ba.

Ɗan Sabongari:
Ba komai ƙanena, ya wuce. Ni ma ban ce a ƙone su ba. In za a saka, a saka har da na zambon, amma a faɗa wa yara ga lokacin da aka yi su da dalili. Ni ma zan nemo na ɓangarenmu in fassara, masu daɗi da marasa daɗi, in Mai Kula da Zaure ya yarda. Sai dai ina roƙon kada ya zama ranar 15 ɗin.

Mai Kula da Zaure:
Na yarda, da sharaɗin ku turo mini in saurara tukuna.

Ɗan Samanja:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na kira yayata na karanta mata maganar Baba Kofur, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce ita ta taɓa ganin Baba da kaset ɗin sau ɗaya da dare tana yarinya, ya sa rediyon a kunne can ƙasa ƙasa, yana kiran wasu sunaye. Ba ta taɓa faɗa mini ba sai yau.

Ga abin da muka tsayar. Ranar 15 ba zan saka komai ba, za mu yi masa saukar Alƙur'ani a gida, da shi da waɗanda yake kira. Bayan nan zan zauna da Mai Gurmi mu bi kaset ɗin ɗaya bayan ɗaya, mu rubuta wanda ya yi kowace waƙa in an gane, sai a riƙa sakawa da bayani. A bayan ɗaya daga cikin hotunan akwai sunaye shida da rubutun hannunsa, huɗu an ja musu layi.

Maman Sadiya, Goggo tana nan da rai?

Maman Sadiya:
Tana nan, ta tsufa sosai. Ranar Juma'a zan je ƙauyen in sha Allah. Ban yi alkawari ba, don rabonta da waƙar tun kafin ta je Hajji, kuma in ta ce a'a ba zan matsa mata ba.

Jikar Kofur:
Kakana ya ce a tambayi Ɗan Samanja wace bataliya mahaifinsa yake, kuma a karanto masa sunaye shidan nan a hankali.

Ɗan Samanja:
Takardar sallamar na wajen yayata. Bari in je in karɓo bayan sallar isha'i, zan kira ki ki ba shi wayar.